Kogin Haske a Bangon Ajinmu

Akwai wani hoto a bangon aji biyar na makarantarmu, tsakanin allo da taga. Ba mu muka rataye shi ba. A wurin muka tarar da shi sa'ad da aka kawo mu aiki wannan makaranta ta ekklesiya, a wani ƙauye tsakanin Makarfi da Ikara. Wani tsohon malami ne ya yanko shi daga kalanda, ya liƙa a jikin kwali, ya kafa masa ƙusa. Gara ta ɗan ci gefensa, zanzaro kuma ya taɓa yin gini a kusurwarsa ta sama. Shekara da shekaru muna shiga muna fita, amma ba mu taɓa tsayawa mun dube shi da kyau ba. Abin da mutum ya ke gani kullum, shi ne ya kan daina gani.

Bari mu gaya muku abin da ke cikin hoton. Kogi ne da sassafe. Rana ta fito, amma hazo ya lulluɓe ta, sai haskenta ya kwanta a bisa ruwan kamar an shimfiɗa farin zane. A hannun hagu ga manyan itatuwa sun sunkuyo kan ruwa, igiyoyin daji sun nannaɗe su, ganye a kan ganye. Ga waɗansu ƙananan tsuntsaye masu jan ƙirji a kan reshe. Can gaba garken fararen tsuntsaye suna tashi dab da ruwa. Yaranmu sun ce balbelu ne. Can da nisa ƙwarai kuma, in ka matso ka zura ido, za ka ga mutum a cikin kwalekwale, ƙanƙane kamar ƙwayar shinkafa. Babu iska, babu igiyar ruwa, babu mai gaggawa. Hoton ke nan.

A daminar 2023 cutar mashaƙo, wadda ta riga ta yi ɓarna a Kano, ta shigo Jihar Kaduna, har ta taɓa wajenmu na Makarfi. Wani yaro na ajinmu ya rasa ƙanensa. Da ya komo makaranta bayan mako biyu, sai muka ga ba shi ne yaron da muka sani ba. Dā shi ne mai surutun aji, mai fara ɗaga hannu ko bai san amsa ba. Yanzu kuwa shiru. In an tashi tara, abokansa su fita ƙwallo, shi ya zauna a bencinsa yana kallon bango. Da fari muna tsammani bangon kawai ya ke kallo. Ashe hoton ne.

Ran nan muna gyara littattafan lissafi, daga mu sai shi a ɗakin, sai ya ce, “Malam.”

Muka ce, “Na'am.”

Ya ce, “Wanda ya yi hoton nan, ai bai taɓa shan wahala ba, ko?”

Muka ajiye jan biro. Da sauƙi mu ba shi amsa irin ta manya, wadda a kan ba yaro don ya yi shiru. Amma yaron da ya ga an haƙa kabarin ƙanensa ya wuce a sallame shi da ka. Muka ce, “Ɗana, ba mu lokaci mu bincika. In mun samu, kai za mu fara gaya wa.”

Da aka tashi, muka sauko da kwalin, muka kakkaɓe ƙura. A ƙasan hoton akwai ɗan rubutu da bai gama goguwa ba: sunan mai zanen, Frederic Edwin Church, da shekara, 1877. Muna da ɗan 'yar'uwa da ke koyon zane a Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru. Ran Asabar muka sa kwalin a jaka muka nufi Zariya. Da ya gani sai ya yi dariya ya ce, “Kawu, a ina ka samo wannan? Ai sananne ne.” Ya buɗe mana shi a kwamfuta da launinsa na ainihi, muka wuni muna karanta tarihin mutumin. Ga abin da muka samo.

Sunan hoton da harshen Sifen ne, El Rio de Luz, watau Kogin Haske. Da fentin mai aka yi shi a kan ƙyalle mai kauri. Tsayinsa ƙafa 4 da rabi, faɗinsa ƙafa 7, watau ya fi ƙofar ɗaki in an kwantar da ita. Yana rataye a babban gidan adana zane-zane na ƙasar Amurka a birnin Washinton. Namu na kalanda inuwarsa ce kawai.

An haifi Church a 1826 a garin Hartford, a arewa maso gabashin Amurka, ƙasar sanyi da ƙanƙara. Ubansa mai hali ne. Yana da shekara 18 aka kai shi wurin wani gwanin zanen ƙasa da sarari mai suna Thomas Cole, ya yi shekara biyu yana koyo a hannunsa. Ya fara da zanen tuddai da tafkunan ƙasarsu. Da ya tsaya nan, da watakila kalandarsa ba ta kawo Makarfi ba.

Abin da ya juya shi littafi ne. Wani Bajamushe masanin halitta, Alexander von Humboldt, ya yi yawo a nahiyar Amurka daga 1799 zuwa 1804, yana auna duwatsu, yana tattara tsire-tsire. A cikin rubuce-rubucensa ya kwaɗaitar da masu zane su tafi ƙasashen zafi su gani da idonsu, gama a can ne tsiro da haske suka fi nuna ƙarfinsu. Church ya karanta, ya ɗaura niyya. A 1853 ya tafi Kolambiya, ya bi Kogin Magdalena cikin jirgin ruwa da kwalekwale, ya hau alfadari ya ƙetare duwatsun Andis har Ekwado, ƙasar da layin da ya raba duniya biyu ya ratsa. A 1857 ya sake komawa Ekwado, ya zana manyan duwatsu irin su Chimborazo da Cotopaxi mai aman wuta.

Me ƙasar zafi ta koya masa? Mun lura da abu biyu. Na fari, ta koya masa haƙurin dubawa. Ya kan zauna gaban itace guda ya zana shi da fensir, ya rubuta launinsa a gefe, ganye da ɓawo da saiwa, har wanda ya san tsire-tsire ya iya faɗin irin kowanne. Ya komo gida da tulin irin waɗannan ƙananan zane. Na biyu, ta koya masa hasken da ke ratsa iska mai laima. Wannan haske kuwa mun san shi. Shi ne wanda mu ke gani a watan Agusta, in an kwana ana ruwa, gari ya waye, tururi yana tashi daga fadama, rana tana bayansa kamar fitila a bayan labule.

Da abin da ya tara ya yi wani ƙaton hoto a 1859, mai faɗin kusan ƙafa 10, wanda ya kira Zuciyar Andis. Da aka nuna shi a birnin Niyok, mutum fiye da 12,000 suka biya kuɗi don su shiga su kalli hoto guda. Aka saye shi dala 10,000, kuɗin da ba a taɓa biyan wani mai zane na Amurka mai rai ba kafin lokacin. A cikin wannan hoto, a ƙarƙashin manyan duwatsu, ya sa wani ɗan ƙaramin gicciye na itace a bakin hanya da mutum biyu a wurinsa. Ya so ya aika da hoton Jamus don Humboldt ya gani, amma tsohon ya rasu a watan Mayu na shekarar, bai gani ba.

Har zuwa nan, sai mu ce yaronmu ya yi gaskiya: ga ɗan masu hali, ga suna, ga kuɗi. Amma labarin bai ƙare ba. Church ya yi aure a 1860. Shi da matarsa Isabel suka haifi ɗa, Herbert, da 'ya, Emma. A watan Maris na 1865, cikin 'yan kwanaki, yaran nan biyu suka mutu. Su ke nan gare su a lokacin. Cutar da ta ɗauke su kuwa ita ce mashaƙo.

Da muka karanta wannan layi sai muka cire tabarau. Ɗan 'yar'uwarmu ya ce, “Kawu, lafiya?” Muka ce lafiya, amma mun daɗe ba mu ce kome ba.

Bayan rasuwar, Church da matarsa suka tafi tsibirin Jamaika, wata ƙasar zafi, suka yi watanni a can. Matar ta riƙa tattara ganyayen daji tana busarwa. Shi kuwa ya riƙa fita kullum yana zanen tuddai da gizagizai da hadari. A shekara ta gaba, 1866, ya gama wani hoto na damina a ƙasar zafi, da bakan gizo biyu sun ƙetare sararin sama. Daga baya Allah ya ba su waɗansu 'ya'ya huɗu. Amma iyayen da suka binne ɗa sun sani, wani ba ya cike gurbin wani.

Kogin Haske kuwa sai a 1877 ya yi shi, shekara 20 bayan tafiyarsa ta ƙarshe zuwa Amurka ta Kudu, shekara 12 bayan mutuwar yaransa. A lokacin amosanin gaɓɓai ya fara kama masa hannun dama, hannun da ya ke riƙe buroshi da shi. Masu sayen hotuna kuma sun fara juya wa irin zanensa baya, suna neman sabon yayi. A cikin wannan hali ne ya zauna a ƙasar sanyi, ya fito da tsofaffin takardunsa, ya ɗauko itace daga nan, tsuntsu daga can, haske daga wata safiya da ya tuna, ya haɗa su wuri ɗaya. Kogin nan ba wani kogi guda ba ne da za a nuna a taswira. Haɗa shi ya yi. Ku lura kuma, manyan duwatsu masu aman wuta na ƙuruciyarsa babu su a nan. Ya sauko ƙasa, ya tsaya a bakin ruwa, daidai inda mutum zai tsaya.

Ran Litinin da aka tashi tara, muka kira yaron. Muka ce, “Mun yi maka alkawari, ga amsarka.” Muka gaya masa duka, ba mu rage ba. Ya saurara kansa a sunkuye. Da muka kai kan mashaƙo sai ya ɗago.

Ya ce, “Malam, irin ta ƙanena?”

Muka ce, “Ita ce.”

Ya ce, “Har biyu?”

Muka ce, “Har biyu.”

Ya tashi ya je gaban hoton ya tsaya. Can ya sa yatsa a kan ɗan kwalekwalen ya ce, “To, shi ne wannan.” Ba mu ce masa i ba, ba mu ce a'a ba. Ba mu ce daga ranar ya warke ba. Baƙin ciki ba zazzaɓi ba ne da zai sauka dare ɗaya. Amma a makon nan ya roƙe mu farar takarda.

A nan ya kamata mu tsaya mu yi wa iyaye magana guda. A lokacin da yaran Church suka mutu babu maganin mashaƙo. Sai wajen 1890 aka fara samo shi, allurar riga-kafi kuma ta zo a shekarun 1920. Shi da dukiyarsa duka bai sami abin da mu ke da shi kyauta a asibitin gwamnati ba. Ana yi wa jariri allurar yana da mako 6, da mako 10, da mako 14. Uwa, duba katin yaronki. Maigida, ka ba da kuɗin mota.

Mu koma ga hoton. Abin da ya dame mu bayan wannan shi ne: mutumin nan ya ƙetare teku, ya sha cizon sauro, ya hau alfadari makonni, don ya ga hasken ƙasar zafi. Mu kuwa a cikinta aka haife mu. Gaskiya ne ƙasarmu ba kurmi ba ce irin na hoton. Tamu fili ce mai ciyawa da itatuwa jefi-jefi, sai a bakin rafi a kan sami duhuwa. Amma rana ɗaya ce, damina kuma muna da tamu. Duk da haka, in muka ce wa yara su zana gida, sai su zana mai bene da bututun hayaƙi irin na littafin Turanci. In muka ce itace, sai su yi sanda da ƙwallo a bisa. Ba wanda ya taɓa zana mana kuka, ko rumbu, ko gonar rake. Laifin ba nasu ba ne. Mu ne ba mu taɓa ce musu abin da ke bayan gidansu ya isa a zana ba.

Ɗan 'yar'uwarmu ya nuna mana cewa wannan damuwa ba sabuwa ba ce, a Zariya ma aka yi ta fama da ita. A 1955 aka kawo sashen koyon zane na Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Nijeriya daga Ibadan zuwa Zariya, kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Yawancin malaman Turawan Ingila ne, suna koyarwa yadda a ke yi a ƙasarsu. A 1958 waɗansu ɗalibai suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya. A cikinsu akwai Uche Okeke, wanda ya yi ƙuruciyarsa a Kafanchan, da Demas Nwoko, da Bruce Onobrakpeya, da Yusuf Grillo. Ra'ayinsu shi ne a karɓi abin kirki na koyarwar Turai, a haɗa shi da abin gida, kowa ya koma ya dubi zanen mutanensa da launin ƙasarsa. Wani abokin karatunsu, Jimo Akolo, ya zana mahaya dawaki da makaɗa na ƙasar Arewa, ya kuma daɗe yana koyarwa a jami'ar. Church ya yi tafiya mai nisa don ya ga ƙasar zafi. Su kuwa suka gane ba sai sun je ko'ina ba, buɗe ido ne ya rage. Wannan fa a nan kusa da mu aka yi shi, tafiyar da ba ta fi ta safe a dawo da yamma ba.

Saboda haka a ƙarshen damina muka nemi izinin hedimasta, muka kwashi 'yan aji biyar da sassafe zuwa fadamar da ke bayan gari. Kowa da fensir da takarda, da ɗan kwali na dannawa. Waɗansu iyaye ba su ji daɗi ba. Wani dattijo ya tare mu a hanya ya ce, “Malam, mun kawo su karatu, ka kai su kallon ciyawa?” Muka ce, “Baba, yi mana haƙuri na safiya ɗaya.” Doka ɗaya muka ba yaran: kada wanda ya sa fensir a takarda sai ya yi minti goma yana kallo, bakinsa a rufe.

Ya ku masu karatu, mu kanmu ranar muka fara ganin fadamar nan. Ga rake ya yi tsayi ya fi mutum, irin wanda a ke lodawa a motoci daga Makarfi da Kudan zuwa garuruwa masu nisa, raɓa tana ɗiga daga ganyensa. Ga hazo kwance a kan ruwa. Ga balbelu na gaske suna bin shanun Fulani. Wata yarinya ta gano cewa ganyen rake ba kore ɗaya ba ne, na sama daban, na ƙasa daban. Wani ya ce ashe inuwar giginya a cikin ruwa rawa ta ke yi. Yara talatin da wani abu suka yi tsit, abin da bulala ba ta taɓa samo mana ba.

Amma dubawa ta kan nuna har abin da ba a so a gani. Yara da yawa suka zana kututture. Da muka ƙirga a wurin da muka zauna kaɗai, kututturan sun fi itatuwan da ke tsaye. Dattijon nan da ya tare mu, wanda ya biyo mu don ya ga abin da za mu yi, shi ya riƙa nuna mana da sandarsa: nan ɗorawa ce dā, nan kaɗanya, nan wata tsamiya da su ke hutawa a ƙarƙashinta suna samari. Duk sun tafi itacen girki da gawayi. Ba mu zargi kowa ba, gama tuwon gidanmu ma da itace a ke dafa shi. Amma sai muka tuna da abu na ƙarshe da muka karanta game da Church. Ya sayi gona a kan tudu kusa da Kogin Hudson, ƙasar da noma ya riga ya gajiyar. Shekara da shekaru yana dasa itatuwa dubbai a wurin, ya kuma haƙa tafki. Da hannu ya ƙi buroshi, sai ya mai da ƙasar kanta abin zanensa. Ya rasu a 1900. Gidan, mai suna Olana, yana nan, mutane suna zuwa kallo.

Da damina ta komo muka dasa itatuwa goma sha biyu a filin makaranta, mangwaro da ɗorawa da darbejiya, muka kewaye kowanne da ƙaya. Awaki sun ci uku. Tara suna nan, kowanne da yaran da ke ba shi ruwa da rani. Dattijon nan da kansa ya kawo mana irin ɗorawar.

Ga roƙonmu gare ku iyaye. In kun ga yaro yana zane a bayan littafinsa, kada ku yi saurin kai masa mari. Ku ba shi takardar da ba a bukata, ku ce ya zana muku rumbun gidan ko bishiyar ƙofar gida, ya kuma duba da kyau kafin ya fara. Yaron da ya koyi duban ganye zai iya duban harafi, zai kuma lura ran da fuskar ƙanwarsa ta canza. In kuma akwai tsohuwar kalanda a ɗakinku mai hoton kogi ko tudu, ku sauko da ita wata yamma, ku zauna da yara ku tambaye su abin da su ke gani. In an yi rashi a gida, kada a ce yaro bai san kome ba. Ya sani, bakin faɗa ne ba shi da shi, wani lokaci kuwa fensir ya kan yi masa baki.

Yaron nan ya gama firamare, yana sakandare yanzu. Kafin ya tafi ya bar mana zanen da ya yi a fadama. Ba gwani ba ne, layukansa a karkace su ke. Ya zana rake, da ruwa, da rana a bayan hazo, da kututture guda. A bakin ruwan ya sa yara biyu, babba yana riƙe da hannun ƙarami. Mun liƙa shi a jikin kwali, mun kafa masa ƙusa kusa da Kogin Haske. 'Yan aji biyar na bana su kan tambaye mu wanne ya fi kyau. Mu kan ce su je su tsaya minti goma a gaban kowanne, baki a rufe, sa'an nan su zo mu yi magana.